Neman kalma: me za mu kira "hangover" a rediyo?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan ɗauki shiri kan illar giya ga jiki da ƙwaƙwalwa. Na fassara komai, har da alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya cewa giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Kalma ɗaya ce ta tsaya min a wuya: hangover. Wato halin da mashayi ke tashi da shi washegari, kai na sarawa, baki a bushe, zuciya na tashi. A agaza.

Ɗan Fagge: Ragowar maye. An wuce wurin.

Nas Mai Aikin Dare: Yaya, ba a wuce ba. Hanta ce ke sarrafa giya, tana fara mayar da ita wani sinadari mai guba, asitaldihaid, kafin ta narkar da shi. Giyar kuma tana danne sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, shi ya sa mashayi ke ta zaryar fitsari, ya wayi gari da ƙishirwa kamar mai azumi. Wahalar tana tsananta ne lokacin da giyar ta kusa ƙarewa a jini. Tangaɗi da sambatu sun wuce. In ka ce ragowar maye, mai sauraro zai zaci mutumin na nan mankas.

Malamin Nahawu: Ɗumamen maye. Abin jiya da daddare, an sake ɗora shi da safe. Hausa ce tsantsa, kowa ya ji ya gane.

Ɗan Fagge: Malam, ɗumame fa abin marmari ne. A sa masa man shanu da yaji, wa zai ƙi? Hajiya za ta yi wa giya talla ke nan.

Malamin Nahawu: Kai dai ba ka san adon magana ba.

Baba Dattijo: Ni tambayata, me ya kai mu raɗa wa haram suna? Kakanninmu ba su da kalmar saboda ba su da abin.

Nas Mai Aikin Dare: Allah ya ƙara girma, Baba, amma burukutu ba jiya aka fara dafa ta da dawa ba. Ni kuma da Asuba ake kawo min su, wani na rawar jiki, wani na amai. Ko zan yi masa wa'azi, sai na fara gane abin da ke damunsa.

Ɗan Damagaram: Mu nan masu boko cewa suke "gueule de bois", wai bakin katako. Ni da an bar ni, bashin giya zan ce. Ka ci da daddare, ka biya da safe.

Ɗan Fagge: To ga Faransanci ya shigo. Ku fara gyara "lakwal" da kuke kiran makaranta da "likita" da kuke kiran asibiti tukuna.

Ɗan Damagaram: Masu "fasinja" da "tebur" ne za su koya mana Hausa? Ina ce daga Landan kuka auno su.

Malamin Nahawu: A bar wannan. Ɗumamen maye ya bi ƙa'ida, suna da mahaɗi da suna, kamar ɗumamen tuwo. Na gwada wa ɗalibaina, duk sun yi dariya.

Mai Shirin Lafiya: Malam, dariyar ce matsalar. Sakin layin da ke biye kan ciwon hanta ne.

Nas Mai Aikin Dare: Hajiya, ki ce ciwon bayan maye. Sai dai ki kula kada ki haɗa shi da halin wanda ya daɗe yana sha ya daina rana tsaka. Wancan kan kai ga farfaɗiya da gane-gane, yana iya kisa, asibiti ake kai shi.

Mai Shirin Lafiya: Na gode, ƙanwata. Ciwon bayan maye zan sa a rubuce. Bashin giya kuma zan jefa shi sau ɗaya a cikin hira, ya yi min daɗin baki.

Baba Dattijo: Ki dai fara da ayar da ta hana.

Malamin Nahawu: Kalma uku a inda biyu suka isa, kuma bayani ne, ba suna ba. Ku je da shi gobe. Ni a ajina ɗumame ne.