Harawa ta yi tsada, wane ganye zan ba raguna?

Abban Khalifa: Salam jama'a. Bana ruwa ya ɗauke da wuri, harawa ta fi ƙarfina wallahi. Raguna 4 gare ni a Dorayi, wane ganyen bishiya zan dinga haɗa musu kafin damina?

Baba na Hotoro: Gawo. Shi da rani yake ganye, damina ta zo ya zubar. 'Ya'yansa kuma har shanu rububinsu suke.

Maman Hanan: Zogale fa?

Ɗan Kurna: Hajiya zogalen da mu ma ba mu samu na kwaɗo ba 😂

Mai Tumaki: Ni dai shawarata kar ka kuskura ka cika musu bagaruwa. Bara na yi wannan gangancin, wani yaro ya kawo min buhu da araha na dinga zuba musu safe da yamma ba dusa ba komai, kwana biyun farko suna ci kamar gaske, daga nan sai suka fara sunsuna su juya kai, kashinsu ya bushe ƙandas, babban ragon da nake ji da shi ya zabge har ƙashin bayansa kana ƙirgawa. Ashe baurin nan da majema ke jima fata da shi, shi ne yake riƙe amfanin abincin a ciki. Sai da na koma dusa da kowa da ɗan kanwa ya dawo hayyacinsa.

Ɗalibin Dabbobi: Gaskiya ne Alhaji. Busasshiyar ciyawa furotin ɗinta kan faɗi ƙasa da kashi 5 cikin 100, tumbi kuma yana son wajen 7 kafin ya narka kara sosai. Zogale ya haura 20. Shi ya sa ganye ƙari ne a kan kara, ba a maye gurbinsa gaba ɗaya. A bar ganyen ya sha iska ya ɗan yi laushi, a fara da kaɗan.

Baba na Hotoro: Mu da muka ga farin 1984 ba a boko muka koya ba, ceɗiya da marke muka dinga sassabowa.

Ɗan Kurna: To Baba ku ne kuka ƙarar da bishiyoyin kenan.

Baba na Hotoro: Reshe ake sara yaro, ba gindi ba. Masu gawayi za ka tambaya.

Maman Hanan: Akuyata har darbejiya take ci, duk ɗacin nan.

Abban Khalifa: Na gode, amma 'ya'yan gawon a ina zan samu a cikin gari?

Ɗan Kurna: Mai Tumaki ragon nan yana nan? Nawa za ka bar min?