Me ya bambanta kiɗan Barok na Faransa da na sauran Turawa?

Jikan Mai Algaita, ƙasar Ringim

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, kuma marigayi kakana mabushin algaita ne a ƙofar hakimi, shi ya sa tun ina yaro kunnena ya saba da kiɗan fada. Bayan an gama yankan gero, ƙanina da ke karatu a Kano ya zo gida, ya zuba mini wasu tsofaffin kiɗe-kiɗen Turawa a waya, ya ce ana kiran su Barok. Wata rana bayan sallar isha'i na kunna ɗaya mai ɗauke da sunan Lully, mahaifina yana kishingiɗe a kan tabarma a ƙofar gida. Kiɗan ya fara a hankali, da nauyi, kamar takun doki mai lifidi, can kuma sai ya saki jiki ya kama gudu. Tsohon ya tashi zaune ya ce mini, wannan ai taken fitowar sarki ne. Da na kunna masa na wani Ba'italiye mai suna Vivaldi, sai ya ce wannan gwaninta ce, amma babu sarauta a cikinta. Shin kunnen tsohon ya faɗa masa gaskiya? Kuma mene ne ainihin abin da ya raba salon Faransa da na Italiya, alhali zamaninsu ɗaya?

Tsohon Malamin Tarihi, Gwarzo

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gaishe mini da mahaifinka, ka ce masa bai yi kuskure ba. Zamanin Barok ya kama daga wajen 1600 zuwa 1750, amma salon Faransa ya kafu ne a fadar Sarki Luwi na 14, wanda ya yi mulki daga 1643 zuwa 1715. Sarkin da kansa gwanin rawa ne, domin a 1653, yana ɗan shekara 14, ya fito a wani babban wasan rawa sanye da tufafin da ke kwaikwayon rana, kuma a cikin masu rawar akwai wani saurayi haifaffen birnin Fulorans ta Italiya, wanda aka kawo Faransa yana yaro a 1646. Shi ne Lully ɗin da ka ji, ana furta sunan Luli. A 1661 sarki ya ɗora shi a kan makaɗan fadarsa.

Abin da zai fi burge ka shi ne yadda aka kasa makaɗan. Akwai na ɗakin ibadar sarki, akwai na cikin gida, waɗanda a cikinsu ake da shahararriyar ƙungiyar masu goge 24, sannan akwai na babbar barga, wato masu bushe-bushe da ganguna da ake fita da su wajen hawa da tarbar baƙi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla, ya ga kakaki da algaita da tambari a kan dawaki da raƙuma, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Kai, algaitar kakanka ma tana da 'yar'uwa a can, domin a hannun makaɗan wannan fada, musamman zuriyar Hotteterre, aka gyara tsohuwar algaitar Turawa mai kaifin murya ta zama abin busar da ake kira obo, mai laushin da za a iya busa shi a cikin ɗaki tare da goge.

Abin da kuka saurara kuwa mabuɗin wasa ne irin na Faransa. Kashinsa na farko yana tafiya da ƙasaita, a ja sauti ɗaya a fizgi na biye da shi, kashi na biyu kuma muryoyin kayan kiɗan suna shigowa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri, kowace tana bin sawun 'yar'uwarta. Wannan tsari ya ƙetara iyaka, har manyan masu tsara kiɗa haifaffun Jamus, Bach da Handel, suka yi aiki da shi.

Malamar Faransanci, Kazaure

Baba ya kawo tarihin yadda ya kamata, ni kuma zan ƙara ta fuskar harshe, domin a ganina nan ne tushen bambancin yake. Mawaƙin Italiya yana iya riƙe gaɓa ɗaya ta kalma ya yi ta hawa da sauka a kanta domin a ji ƙarfin muryarsa. Bafaranshe na wancan zamani ba ya yarda a yi wa kalma haka, yana so a ji kowane baiti sarai. Da Lully ya fara wasanninsa na waƙa, wato wasan kwaikwayon da ake rera maganarsa da kiɗa, a 1673, tare da marubucin baitocinsa Quinault, sai ya sa kiɗan ya riƙa bin numfashin magana, har ma'aunin bugun yakan sauya a tsakiyar baiti idan kalmomin sun bukaci haka. Malam, mu da kalangu yake yi mana magana, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Abu na biyu shi ne abin da aka rubuta ba shi ake kaɗawa daidai wa daida ba. Idan an jera sautuka masu tsawo ɗaya a takarda, makaɗin Faransa yakan ɗan ja na farko ya rage na biyu, sai tafiyar ta yi rangaji. François Couperin, wanda ya rayu daga 1668 zuwa 1733, ya ambaci wannan a littafinsa na koyar da kaɗa kilabsan, wato kayan kiɗa mai madannai da ya riga piyano, wanda ake tsinkar tsirkiyoyinsa maimakon a buge su. Littafin ya fito a 1716, kuma a ciki ya nuna cewa baƙi ba sa kaɗa kiɗan Faransa da kyau saboda Faransawa suna rubutu daban da yadda suke kaɗawa. Haka nan ƙananan adon da ake yi wa sauti, irin karkarwa da ɗan zamewa, ya tsaya kai da fata a kan a yi su yadda ya sa alama, ba yadda makaɗi ya ga dama ba. Ƙarƙashin duk wannan kuma akwai takun rawa, irin su minuwet da gabot da saraband. Ina koya wa ɗalibaina karatun waƙen Faransanci da ƙarfi, kuma na lura sai yaro ya daina ƙirga gaɓoɓi da yatsa sannan baitin yake zama a bakinsa.

Mai Gurmi, Ɓaɓura

Ina neman afuwar Baba da Malama, amma kada mu kalli adon fada kawai mu manta da waɗanda aka rufe wa ƙofa. A 1672 Lully ya karɓi ikon shirya wasan waƙa a hannunsa, kuma a shekarar da ta biyo baya aka taƙaita wa sauran gidajen wasa mawaƙa biyu da makaɗa shida kacal. Marc-Antoine Charpentier, wanda ya yi karatu a Rum kuma a kunnena bai gaza Lully da komai ba, bai taɓa samun kujera a ɗakin ibadar sarki ba, a gidan wata gimbiya da majami'un Faris ya yi yawancin aikinsa. Mu masu kiɗa mun san zafin wannan, domin na taɓa yin tafiyar yini guda zuwa wani biki aka hana ni ɗora yatsa a kan gurmina, saboda makaɗin gidan bai yarda ba. Saboda haka daidaiton salon Faransa ba daga ɗanɗano kaɗai ya fito ba, har da ikon mutum ɗaya.

Ƙarshen Lully ma abin tausayi ne. A farkon 1687 yana jagorantar waƙar godiya saboda sarki ya warke daga ciwo, yana buga doguwar sanda a ƙasa domin riƙe bugu, sai ya soki ƙafarsa. Ƙafar ta ruɓe, ya rasu a watan Maris na shekarar. Salon bai mutu da shi ba, domin da wani mai tsara kiɗa Bafaranshe mai suna Rameau ya fito da wasansa na farko a 1733 yana ɗan shekara 50, sai masoya Lully suka yi masa ca, suna cewa ya cika hayaniya.

Jikan Mai Algaita, ƙasar Ringim

Allah ya saka muku da alheri, Baba da Malama da ɗan'uwana mai gurmi. Na karanta wa mahaifina amsoshinku jiya da daddare, maganar barga ce ta fi kama shi, har ya sa aka ɗauko algaitar kakana daga cikin adaka ya nuna mini inda yatsun marigayi suka cinye itacen. Ya ce shi ma ba a taɓa rubuta masa take ba, a bayan mahaifinsa ya tsaya shekara da shekaru yana saurare. Na nemo wata waƙar godiya da shi ma Charpentier ya tsara, mun ji mabuɗinta mai kakaki da ganguna sau uku. Yanzu tsohon yana so ya ji obo ita kaɗai, ba tare da goge ya rufe ta ba, don haka idan akwai wanda ya san kiɗan Faransa na wancan zamani da aka ba ta gaba, ina roƙon ya ambata mini sunansa kafin ranar kasuwa, lokacin da nake samun intanet mai ƙarfi.