Yadda za a auna tsoffin littattafan ƙagaggen kimiyya da na almara

A wata tattaunawa da aka yi kan yadda za a auna irin waɗannan tsoffin littattafai, abin da aka fi nanatawa shi ne a duba shekarar da littafi ya fito kafin a yanke masa hukunci. Wanda ya buɗe Frankenstein na 1818 yana jiran kumbo da 'yan sama jannati, tun shafi na goma zai ajiye shi. Wasu suka ce a daure har shafi hamsin, musamman a Dune na 1965, da baƙin kalmominsa ke rikita mutum da farko. Batun makin da za a ba littafi kuwa, an sha gardama. Ni dai ina bayan masu cewa a raba shi biyu, na daɗin karatu daban, na sabon tunani daban. A kuma bari a kwana biyu bayan kammalawa kafin a bayar.