Fenti ya ƙi zama a kan alminiyam tsurarsa, ina mafita?

Salamu alaikum, iyayen gidana a sana'a. A Garwa ta ƙasar Kamaru nake ƙera allunan shaguna da fallen alminiyam da ake kawowa daga Duwala, tsurarsa, ba shafin komai. In na fesa fentin mai, yakan bushe sumul, amma da ya sha ranar Garwa sai gefuna su fara tashi. In na sa farce, ɓawon ya taho gaba ɗaya kamar fatar albasa, ƙarfen na ƙyalli a ƙasa.

Na goge da samfefa, na wanke da omo, na share da fetur, duk a banza. Jan fentin hana tsatsa da muke sa wa baƙin ƙarfe ma tare suka ɓare. Ruwan sodar haɗa sabulu kuwa ɓarna ce, tafasa ya yi ya bar fallen da dabbare-dabbare. Na san alminiyam na yin wata siririyar fata da zarar iska ta taɓa shi, ita nake zargi.

Wane fentin shimfiɗa ne, wato wanda ake fara shafawa kafin fenti, ke kama alminiyam tsurarsa, wanda zan samu a Garwa ko Marwa?