Sake gina ƙungiyar ƙwallon kwando

Da aka tattauna kan yadda za a farfaɗo da ƙungiyar da ta durƙushe a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, yawancin masu tattaunawar sun ce a saki manyan taurari tun suna da daraja, a karɓi matasa da guraben zaɓen sababbin 'yan wasa. Ƙungiyar Oklahoma City aka yi ta ambata: a 2019 ta ba ƙungiyar Clippers tauraronta Paul George, ta samu Shai Gilgeous-Alexander, ta ɗauki kofi a 2025.

Faɗuwa da gangan a wasanni don a riga sauran ƙungiyoyi zaɓen sababbin 'yan wasa kuwa ta raba kawuna, ni dai ban ga ribarta ba. A tsarin ƙuri'ar da aka kawo a 2019, ƙungiyoyi uku na ƙarshe a teburi, damar kashi 14 cikin ɗari kacal aka ba kowacce ta samun zaɓin farko. Wasu suka ƙara da cewa a guji dogon kwantiragi mai tsada.