Likita ya ce mu jira, yayana ya ce a nemi haɗin magani, wanne za mu bi?

Hajara_Garwa:
Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Babanmu shekarar shi 61, kusan shekara guda kenan kaluluwa ta fito mai a wuya da hammata, ba ciwo ba zazzaɓi, da farko har maganin tibi aka so a fara mai sai wani likita ya ce a'a, a yanko kaɗan a aika Yawunde. Sakamako ya dawo wai lymphome folliculaire, sankarar kaluluwa mai tafiyar hawainiya. Abin da ya ɗaure min kai, likitan ya ce kar a fara komai yanzu, mu dinga zuwa duk wata uku. Wlh na kasa bacci, ya za a ce sankara kuma a ce a jira? Yayana da ke Faransa kuma ya matsa, wai can an gwada haɗin magani ba shimiyo (chimio, maganin sankara mai ƙarfin nan) ga waɗanda ba a taɓa yi wa magani ba. Baba kam ko a jikin shi, da asuba zai shafa wuyan ya ɗau makullin shago ya fita.

Nas_Marwa:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba Baba lafiya. Ki kwantar da hankali, jiran nan ba sakaci ba ne. Irin wannan in ba ta damun mutum, an gwada an gani fara shimiyo da wuri ba ya ƙara tsawon rai, sai dai wahala. Gwajin da yayanki ke faɗa ina jin RELEVANCE ne, likitocin Faransa na cikin jagororin shi, sakamako ya fito 2018. Mutum 1,030 aka raba gida biyu ta ƙuri'a, wasu rituximab (maganin da ake ɗaurawa a ruwa, mai farautar ƙwayoyin sankarar) da shimiyo, wasu rituximab da ƙwayar lenalidomide. Bayan shekara 3, waɗanda ciwon bai motsa ba kashi 78 ne a na shimiyo, 77 a ɗayan, kin ga kusan kunnen doki. Bambancin a wahalar ne, shimiyo ya fi karya fararen ƙwayoyin jini, lenalidomide ya fi kawo ƙuraje a fata, kuma mai ciki ko kusa ba ta taɓa shi. Sannan abin da yayanki bai lura ba, ko a gwajin ma waɗanda ciwon ya kai a yi magani kawai aka ɗauka, misali ƙullin ya wuce santimita 7 ko jini ya yi ƙasa. In da Baba ya je yau da wuya su karɓe shi.

Abba_Injamena:
Yar uwa ni abu ɗaya zan roƙe ki, tun yanzu a yi mai analiz na ciwon hanta, hepatit B. Yankinmu ciwon ya yi yawa kuma mutane da dama na ɗauke da shi ba su sani ba, rituximab na iya tayar da shi ko da ya kwanta shekaru. Kawuna sai da aka ɗaura mai ruwa na uku idon shi ya koma ɗorawa kafin aka farga, ba wanda ya duba tun farko, har yau abin na ci min rai. In an gano da wuri akwai ƙwayar da ake haɗawa ta tsare hantar.

Hajara_Garwa:
Allah ya saka da alheri, Allah ya ba kawu lafiya. To malam nas, me zan gani in san lokaci ya yi?

Nas_Marwa:
Zufa da dare har riga ta jiƙe sharkaf, zazzaɓi ba dalili, rama, ciki ya kumbura, ko ƙulli ɗaya ya fara girma da sauri ya bar yan uwan shi. Wannan na ƙarshen kar ki jira ranar randebu, ku tafi a satin, don wani lokaci sankara mai sanyin kan juye ta zama mai zafi. Ki samu ɗan littafi kina rubuta kilon Baba duk farkon wata, ki riƙe shi tare da takardar Yawunden duk zuwa asibiti.