Wanda ya taɓa jin rauni a wurin aiki a Kumasi, yaya aka yi da diyya?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum. Ƙanena yana aiki a wata masassaƙa a Sokoban, ranar Laraba injin tsaga katako ya tafi masa da yatsu biyu na hannun dama. Mai wurin ya kai shi asibitin Komfo Anokye, ya biya kuɗin magani, ya ce sauran sai haƙuri. Shi ke nan haƙƙinsa? Wanda abin ya taɓa samu ya ba mu labari.

Baban Hadiza, Asawase: Allah ya ba shi lafiya. Ɗan'uwa, ba shi ke nan ba. Ni ƙarfe ya faɗo mini a ƙafa a kamfanin da nake lodi. Dokar diyyar ma'aikata ta 1987, wadda ake kira PNDCL 187, ta ɗora wa mai aiki kuɗin magani da diyya, dukansu biyu. Ofishin leba suka ba mu takarda, likita ya rubuta kashi nawa cikin ɗari na nakasa, da wannan aka yi lissafi. Wanda ya nakasa gaba ɗaya albashin wata 96 ne, mamaci kuwa wata 60 ake ba iyalinsa. Nawa kason ƙarami ne, amma ya rufa mana asiri. Wahalar ita ce zirga-zirga, har kwandastan trotro (motar haya) ya san sandata.

Maman Abba, Sabon Zango: Kada ku yi sanya irin namu. Maigidana magini ne, ya faɗo daga bene, ƙugunsa ya goce. Ɗan kwangilar ya riƙa zuwa gaisuwa da ledar lemu da ɗan abin cefane, kullum "Alhaji, za mu zauna." Muka ji nauyinsa, masallacinsu ɗaya. Ranar da muka je neman haƙƙi aka ce wata shida ake bayarwa a kai ƙorafi, mu kuwa mun doshi shekara. Ko takarda ɗaya ba mu da ita mai nuna ya yi masa aiki. Yanzu koko da ƙosaina ke riƙe gidan.

Masta mai walda, Suame Magazine: Bari in faɗi ta ɓangarenmu. Yara takwas ke hannuna. Da yarona ɗaya ya ƙone, sai da na sayar da janareta. Daga nan na yanki inshorar ma'aikata: ka ba su sunaye da albashin kowa, ka biya na shekara, in tsautsayi ya zo su ɗauka. Sai dai wanda ba ka rubuta ba, kai da aljihunka. Kuma in yaro ya sha wani abu ya hau aiki, doka ba ta ba shi diyya.

Baban Hadiza: Na manta, mai wurin dole ya kai rahoton haɗari cikin kwana bakwai, dokar ƙwadago ta 2003 ce. Ku tambaye shi ko ya kai.

Ɗan Aboabo: Na gode, Allah ya bar zumunci. Maman Abba, Allah ya tashi kafaɗun Alhaji. Na kira mai wurin yanzu, bai ɗauka ba. Gobe da safe zan karɓi takardun asibitin in wuce ofishin leba.